Baƙo Ba Ya Taɓa Yumɓu

Auta, ƙanena, ya riga ya ɗaure jaka zai tafi birni lokacin da wata mata daga wata ƙungiya ta zo garinmu. Shi kaɗai ya gaji hannun Baba a ginin tukwane. Ni kam ko murfi na gina sai ya karkace. In Auta ya tafi, rumfar Baba ta mutu ke nan, kowa ya sani.

Matar, Mai Tabarau muke ce mata, ta ce akwai mutanen birni da suka gaji da kallon waya, suna son zuwa ƙananan garuruwa su koyi sana'a da hannunsu. In sun ji daɗi za su riƙa dawowa, su jawo wasu. Ta zagaya rumfar, ta leƙa ramin da Baba ke jiƙa yumɓu, ta ce, "Don Allah ku bar komai yadda yake."

Auta ya kwance jakarsa. Ya ce mini, "Yaya, in abin nan ya kama, na zauna."

Sai ga Kawu, ƙanen Baba, uban iya, ya naɗa kansa shugaban kwamitin tarbar baƙi. Wai kara ce kawai matar ta yi mana, wa zai shigo da baƙo cikin wannan caɓi? Auta ya ce, "Kawu, ai caɓin suke nema." Kawu ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na sa baki, aka ce in je in ji da girki.

Aka cike ramin yumɓu, ramin da ya girme ni. Aka shafe ƙasa da siminti, aka yi wa bango fenti. Aka ɗauko hayar kujerun roba da lasifika.

Ranar da motar baƙin ta iso, Baba na zaune cikin sabbin fararen kaya, kamar mai jiran hoto. Mai Tabarau ta sauko, ta dubi rumfar, ta cire tabarau ta sake dubawa. Kawu ya kama lasifika, bai saki ba sai da inuwa ta juya.

Auta ya ɓoye ɗan curin yumɓu a bayan randa. Da ya fito da shi, wata baƙuwa ta yi wuf ta naɗe hannun riga, fuskarta duk murna. Ta miƙa hannu ke nan Baba ya janye curin.

"Haba 'yata! Ki zo gidana ki ɓata hannu? Zauna abinki, ga waɗanda aka gama nan, ki zaɓa."

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Baƙuwar ta koma kujera, ta ciro waya. Suka ci, suka sha, suka yi godiya, kowa ya rungumi kyautar tulu ya hau mota.

Ba su dawo ba. Mai Tabarau ta roƙe su, suka ce sun ga wurin ai. Yanzu motar takan bi ta bakin titinmu zuwa wani gari can gaba, ko rage gudu ba ta yi.

Auta ya sake ɗaure jaka, ya tafi. Yana birni yana taya wani sayar da bokitan roba. Baba kuwa tsufa ya fara cin ƙarfinsa, tulun da ya soma tun tafiyar Auta yana nan ba wuya, ya bushe ya tsage.

Jiya motar ta wuce muna zaune a rumfar. Baba ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya juyo gare ni.

"Na yi ta tunani," ya ce. "Anya ba tarbar ce ta yi kaɗan ba? In sun sake zuwa, a ƙaro kujeru."