Jan Goro a Haƙoran Kaset

Akwatin wasan Maikuɗi mai shayi ya daɗe a mace. Akwati ne mai tsayin mutum, da gilashi irin na talabijin, da 'yar sanda da maɓallai. Ka jefa sule ka yi ta harbin jiragen sama. A ranin 1988 Maikuɗi ya sayo shi a Sabon Garin Kano, ya girke shi a rumfarsa ta bakin titin Kura, inda masu lodin tumatir ke hutawa. Da hoton ya fara hargitsewa, sai aka yi masa abin da ake yi wa komai a garin nan: a daki gefensa, a zaro kaset ɗin wasan daga cikinsa a hura masa iska, a mayar. Da ya ƙi tashi gaba ɗaya aka ce kwanansa ne ya ƙare, aka ɗora masa farantin burodi a ka.

Garzali bai yarda kwana ne ya ƙare ba. Ya koyo gyaran rediyo da talabijin a makarantar sana'a a Kano, kuma shago yake so ya buɗe. Mahaifinsa, Malam Hambali, mai makarantar allo da gonar tumatir a wajen Kadawa, a gona yake son ganinsa. Sun ja maganar har Malam ya gaji.

"To, ga abin shiriritar nan na Maikuɗi," in ji Malam. "Ka tashe shi a gabana, ka buɗe shagonka. In ya gagare ka, fartanya tana nan."

Garzali ya ɗauko kaset ɗin ya kawo gida ya kwance. A ciki ya tarar wani siririn layin tagulla ya tsinke a gindin wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa. Ya gasa ƙarfensa a garwashi ya haɗe layin da dalma. Haƙoran da ke bakin kaset ɗin, waɗanda suke shiga jikin injin, duk sun yi baƙi saboda hure-huren mutane. Ya bi su da magogin fensir da sifirit har suka koma ƙyalli. Ya rufe, ya naɗe a hankici, ya ajiye a tagar zaure.

Washegari da hantsi rumfar ta cika. Maikuɗi ya tayar da janareta. Malam ya jingine kekensa ya tsaya daga baya, goro a kunci.

"A ba Injiniya hanya!" in ji Bilya direba. "Yau ko jirgi ya tashi, ko a kai wani gona."

Garzali ya warware hankicin, ya cusa kaset ɗin ba tare da ya duba ba, ya kunna. Gilashin ya yi haske. Sai layuka kore da ja suka cika shi suna rawa, lasifika tana wani irin gurnani. Babu jirgi.

"Kai, wannan ai atamfa ce," in ji Bilya. "Maikuɗi, yadi nawa za ka yanka min?"

Aka bushe da dariya. Garzali ya kashe, ya zaro kaset ɗin ya kai shi hasken rana. A kan haƙoran da ya goge jiya akwai ɗigo-ɗigon jan goro, da danshinsa, har ya haɗe wasu haƙoran da juna.

Kansa ya yi zafi. Ya ɗaga kaset ɗin sama.

"Wa ya tofa wa abin nan yawu?"

"Ni dai tun jiya ban taɓa shi ba," in ji Maikuɗi.

"Haka kuke!" in ji Garzali. "Inji ya lalace, ba mai tambayar me ya same shi, sai tofi. Ƙofar ruwan kanal ɗinmu ta yi tsatsa tun bara, tumatir yana ƙonewa a ƙasa, wa ya ɗauki man shafawa ya je? Ba kowa. Ana zaune ana cewa haka Allah ya so. Wuta ce take bi ta haƙoran nan, ba aljani ba. Duk wanda ya yi wannan jahili ne, ko rawaninsa ya kai tulu girma!"

Gaskiya ya faɗa game da ƙofar ruwan, kuma kowa a rumfar ya sani. Daga bayan taron ne wata murya ta fito, a hankali.

"Ni ne."

Mutane suka dare. Malam Hambali ya ciro goron daga bakinsa ya riƙe a hannu.

"Da asuba na gan shi a taga. Na ga wahalar da ka sha a kansa, na ce bari in yi masa addu'a kada ka kunyata a gaban jama'a. Ban san yana ɓata shi ba."

Maikuɗi ya sunkuyar da kai yana goge kofin da ya riga ya goge. "Allah ya gafarta Malam, ga benci," ya ce. Malam bai zauna ba.

Garzali ya dubi jama'ar rumfar. A cikin mutanen nan akwai waɗanda suka yi karatu a gaban Malam, waɗanda har yau ba sa wuce shi da takalmi a ƙafa.

"Gama aikinka," in ji Malam. "Rana tana yi."

Garzali ya jiƙa auduga da sifirit ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Audugar ta yi ja. Ya jira suka bushe, ya mayar, ya kunna. Jiragen suka fito jere, kiɗansu yana tashi. Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya bari.

Malam ya dubi gilashin na ɗan lokaci, ya juya wajen kekensa. Garzali ya bi shi ya durƙusa a cikin ƙurar titi.

"Baba, don Allah..."

"Tashi, za ka ɓata wandonka. Abin da na ce, na ce. Ka nemi shago."

"Bari in bi ku gona, Baba. Yau ranar ban-ruwanmu ce."

"A'a. Kana da aiki a nan."

Malam ya hau keken ya miƙi hanyar Kadawa shi kaɗai. Garzali yana nan a durƙushe har wata motar tumatir ta yi masa hon ya matsa gefe. Daga rumfa Maikuɗi ya kira shi, ba da ƙarfi ba, wai akwai wuri a gefen rumfar da zai iya kafa teburinsa tun gobe. Garzali ya ce to, bai waiwaya ba.