Ruwan Zulbiye

Yayata Zulbiye ta rasu ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Mijinta Niyazi kawai ta bari, sai ni ƙanenta Rasim, wanda mutanen ƙauyenmu suka ɗora wa rigar mai gari don babu wani mai sonta. A nan tsaunukan Rodopi, wanda ya rasa nasa yakan gina masa ceshme a bakin hanya: bangon dutse, bututu, kwami, da moɗa ɗaure da sarƙa, duk wanda ya sha ya yi wa mamacin Fatiha. Niyazi ya ƙwallafa rai a kan haka, domin ya san babu ɗan da zai ɗaga wa matarsa hannu.

A shekarar ne ya ga wani wuri mai danshi a gindin dam ɗinmu, wanda iyayenmu suka tara da ƙasa da amalanken shanu zamanin gonar gwamnati. Ya haƙa kaɗan, ruwa ya ɓulɓulo, garau, mai sanyi. Ya zo mini da laka har gwiwa, yana kuka yana dariya, ya ce Allah ya aiko wa Zulbiye da idon ruwa. Liman ya yi addu'a, aka yanka rago, aka sassaƙa sunanta a dutse. Wurin ya yi daɗi, aka kafa rumfa da benci. Da 'yan ci-rani suka fara dawowa daga Jamus, sai kowa ya ce shi kusa da ruwan Zulbiye yake so. Gidaje suka tashi a kwarin da a da tumaki kaɗai ke kwana, har da na Gulten, wadda ta haifi tagwaye bara.

Shekaru suka wuce. Wata injiniya ta zo bayan narkewar ƙanƙara, dam ya cika har baki. Sunanta Radostina, daga birnin Karjali hukuma ta turo ta duba ƙananan madatsu. Na zaci ruwan za ta fara kallo, sai ta juya masa baya ta tsura wa kwarin ido.

"Ranka ya daɗe, waɗancan gidajen akwai mutane a ciki?"

Na ce akwai, har da jarirai.

"To dam ɗinku ya tashi daga mataki na uku, ya koma na ɗaya."

"Ƙarin girma muka samu ke nan?" Na faɗa da wasa, amma ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Matakin ba ƙarfin dam yake aunawa ba. Wanda ke kwance a ƙarƙashinsa yake aunawa. A da in ya fashe tumaki zai kwashe. Yanzu mutane ne."

Muka gangara. Niyazi na nan kan benci kamar kullum, da hularsa da sandarsa. Ya cika moɗa ya miƙa mata.

"Sha, 'yata. Kada ki biye wa wannan mai garin, da na auri yayarsa ko wando bai iya ɗaurewa ba."

"Yaya Niyazi, yau ma sai ka tona ni gaban baƙi?"

Ta sha, ta gode, ta karanta sunan da ke jikin dutsen. Sannan ta ɗaga kai ta dubi tudun dam da ke tsaye a kanmu, ta sake duban bututun.

"Baba, ruwan nan yana raguwa da rani?"

"In dam ya ja baya shi ma yakan ɗan ja. Amma bai taɓa yankewa ba."

"Yakan zo da dauɗa?"

Nan fa ta taɓo shi. Ya miƙe tsaye. "Dauɗa? A ruwan Zulbiye? Kullum kafin rana ta fito ina nan. Ɗan rairayin da ya kwanta a kwami in kwashe shi tas, in wanke. Da cikin tafin hannu ne. Bana kuwa sai na zo da bokiti."

"Ina kake zubarwa?"

"Zubarwa? Zo ki gani."

Ya zagaya da mu bayan bangon yana taƙama. Can ya tara tudu guda na jar ƙasa mai laushi, ya kai ƙugun mutum, ya kewaye shi da duwatsu, ya dasa furannin wardi irin waɗanda Zulbiye ke so. Duk ƙauyen mun san wurin, mata har roƙon reshe suke yi. Radostina ta durƙusa ta ɗebi ƙasar ta murza a yatsu. Ta daɗe a durƙushe. Da ta ɗago, fuskarta ta sauya.

"Baba, ka yi haƙuri. Wannan ba idon ruwa ba ne. Ruwan dam ne ya sami hanya ta cikin tudun. Wannan jar ƙasar ita ce cikin dam ɗin, ruwan ne ke sato ta yana kawo maka. Tunda ta kai bokiti, ramin faɗaɗa yake yi."

Niyazi ya dubi wardinsa, ya dube ni. 

Abin da ta yanke gajere ne. A buɗe bututun ƙasa a rage ruwan har ya sauka ƙasa da ramin, sannan a nemi yadda za a toshe. Na tambaye ta ceshme fa? Ta ce zai ƙafe, kuma in aikin ya yi kyau ba zai sake kawowa ba.

Da la'asar gidan gahawa ya cika, Radostina ma na nan a gefe. Mutanenmu in dai gardama ce ba a gayyatarsu. Fehim, wanda ya fi kowa gonar taba da baki, shi ya fara.

"Mai gari, shukar tabarmu da miyau za mu ba ta ruwa? Dam ɗin nan ya girmi uwar yarinyar nan, bai fashe ba sai yau da ta gan shi?"

Wani ya ce, "Ku bar ma zancen taba. Wa ya taɓa kashe ceshmen mamaci? Sadakar baiwar Allah ce fa, tana kabarinta lada na isar mata."

Kowa ya ɗauka, har waɗanda gidajensu ke kwarin. Mijin Gulten da kansa ya ce shi ba zai zama sanadin yanke wa Anti Zulbiye lada ba. Makullin ɗakin bawul, inda ake murɗa ƙarfen buɗe bututun ƙasa, yana aljihuna, hukuma ta ba da umarni, amma ga jama'a sun tsaya a ƙofa, ga sunan yayata a bakin kowa. Wallahi na ji tsoro, kuma na ji kunyar kabarinta.

Niyazi yana lungu, gahawarsa ta huce. Sai ya buga sanda a ƙasa.

"'Yata, in ya fashe, zai ba da sanarwa?"

Radostina ta ce, "Wataƙila ka ga ruwan ya yi ja da safe. Wataƙila kuma ba wanda zai gani."

"Ta ina zai bi?"

"Ta kan ceshme. Sai gidan farko."

Gidan farko na Gulten ne. Niyazi ya juya ga mijinta.

"Kai yaro, rufe mana baki. Kai ka san Zulbiye? Matar da in ta ji kukan jaririn maƙwabta sai ta bar tukunya a wuta? Allah bai ba ta nata ba, ta haƙura har ta koma gare Shi. Yanzu ku ce da sunanta za a kwashe na wasu?" Ya dafa tebur. "Rasim, ba ni makullin."

Babu wanda ya tare shi. Muka hau tudun a bayansa, Fehim ma ya biyo yana gunaguni. Ƙarfen bawul ya yi tsatsa, Niyazi ya kama ya murɗa, ya ƙi motsi. Na sa hannu, mijin Gulten ya sa, a ƙarshe Fehim ya ture mu ya ce mu matsa, raggwaye. Ƙarfen ya yi ƙara ya juya, ruwa ya fita da ruri ya bi rafi.

Dam ya yi ta sauka a hankali, bakinsa na barin baƙar laka. Aka kwashe mutanen kwari zuwa gidajen dangi. Niyazi bai fasa zuwa ceshme ba ko sau ɗaya. Ruwan ya koma kamar yatsa, ya koma kamar zare, rairayin kwami ya daina taruwa. Radostina ta ce alama ce mai kyau, shi kuma ya gyaɗa kai.

Ranar wata Juma'a da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi ya tara moɗa a bakin bututu, ruwan na ɗiga ɗaya-ɗaya. Muka tsaya har ya daina. Bai kai rabin moɗa ba. Ya kwance sarƙar, ya rufe bakin moɗar da tafin hannu, muka nufi maƙabarta yana takawa a hankali don kada ya zube.

Ya durƙusa ya tsiyaye shi a kan kabarin, wajen kai. Ƙasa ta shanye nan take.

"Zulbiye, na ƙarshen ke nan. Tagwayen Gulten suna nan lafiya."

Muka yi Fatiha. Da zai tashi gwiwarsa ta ƙi, na kama shi. Ya riƙe hannuna gam, ya danƙa mini moɗar.

"Da mutanen hanya ke yi mata addu'a, Rasim. Yanzu daga ni sai kai. Ni kuma ka ga yadda na zama."