Muryar Ladan Daga Daji

Ran sadakar arba'in ɗin Is'haƙa, ƙaninsa Hamza ne ya raba waina gida-gida, yana sane sarai babu gawa. Is'haƙa bai mutu ba. Daji ya shiga, ya bi 'yan bindiga, shi da ya shekara bakwai yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Kamarawa. Mahaifinsu, Malami, shi ya yanke cewa a gaya wa uwarsu Habi an kashe shi a hanyar gona, ba a ga gawar ba.

"Mutuwa ta fi mata sauƙin ɗauka," in ji shi.

Wata tara ke nan. Kullum ta idar da salla, Hamza na jin ta ta bayan zana tana roƙon Allah ya haskaka kabarin da ba a taɓa tonawa ba. Sai ya tura babur ɗinsa ya fita.

Wata Laraba ya ɗauko fasinja daga garin Isa, wani dattijo mai suna Ayuba, Kirista mutumin Zuru, mai gyaran famfon burtsatse. Suna tsakiyar hanya sarƙa ta zame. Suka tura babur ɗin gindin wata aduwa. Rana ta take. Hagu da dama gonaki ne da masu su suka gudu suka bari, gero ya nuna, tsuntsaye kawai ke ci.

Hamza na durƙushe, hannunsa baƙi da mai, sai iska ta juyo daga gabas ta kawo kiran azahar.

Ya daskare. Tun suna yara numfashin Is'haƙa ba ya kai ƙarshen jimla. Yakan yanke a tsakiya, ya ja iska, sannan ya ƙarasa. Duk Kamarawa an san shi da wannan. Muryar ta yanke. Ta ja. Ta ƙarasa.

"Akwai gari can ne?" in ji Ayuba.

"Babu gari, Baba. Mutanen daji na."

"Su ma salla suke yi?"

"Wancan wana na."

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ayuba ya aje jakar sifanoninsa, ya zauna bisa saiwa, ya daɗe yana saurare.

"Mu a wajenmu," ya ce a hankali, "akwai mala'ikun da suka faɗo."

"Mala'ika ba ya saɓo. Iblis aljani na."

"Na sani, samari. Shekara talatin ina cin tuwonku. Namu nake gaya maka." Ya share gumi da hularsa. "Ba a halicci ko ɗayansu mugu ba. Babbansu ma ya fi sauran haske, yana can kusa da Allah. Sai ya dubi kansa ya ga ya isa. Ya ja wasu suka bi shi, aka jefo su gaba ɗaya. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, ba a ƙwace musu komai ba. Saninsu na nan, ƙarfinsu na nan. Har muryar da suke yabo da ita, da abarsu suka faɗo."

Can cikin daji muryar ta sake yankewa. Hamza ya ji leɓɓansa na motsi. Amsa kiran yake yi, jimla bayan jimla, kamar yadda ya saba tun yana ɗaukar wa Is'haƙa buta. Ya so ya bari, bakin ya ƙi.

Da aka gama ya ce, "Suna komowa?"

"Su wa?"

"Waɗanda anka jefo."

"A'a. Malamanmu sun ce ido buɗe suka zaɓa, suna ganin komai, ba wanda ya ruɗe su. Shi ya sa ba ma yi musu addu'a. Tasu ta ƙare."

Hamza ya koma kan sarƙa. Ta ƙi hawa.

"Kai, wanka ba mala'ika ba ne fa," in ji Ayuba. "Ɗan Adam ne, fura yake sha, ciwon ciki na kama shi. Ana yi masa addu'a a gida?"

"Ana yi. Ta matattu."

Ayuba ya dube shi. Ya miƙo sifana kawai. "Sassauta ƙafar baya tukuna. Haka kake acaɓa, ba ka san sarƙa ba?"

Sarƙar ta hau, suka kama hanyar Kamarawa.

Da la'asar Hamza ya iso gida. Malami na zaure yana gyaran lauje. Ya ɗago, ya ga fuskar ɗansa, ya ce, "Hamza." Hamza ya wuce shi.

Habi na bisa tabarma, carbi a hannu, ba ta riga ta shafa addu'a ba. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, ki bar roƙa mai hasken kabari. Ki roƙa mai shiriya."

Carbin ya tsaya.

"Yana daji. Tare da su. Yau nij ji shi yana kiran azahar."

Ya jira kuka, bai zo ba. Ta juya fuskarta gabas, inda katanga ta zube tun damina ba a gyara ba.

"In iska ta juyo, ina jin shi," ta ce. "Tun rani. Ban gaya ma kowa ba, kada a ce na taɓu. Ashe ba daga ƙasa take fitowa ba."

Malami na tsaye bakin zana da lauje a hannu. Ba ta dube shi ba. Ta ɗaga tafukanta, ta kira sunan Is'haƙa da ƙarfi, yadda ake kiran wanda ke iya amsawa.