Takardar Gundumar Oribe

Mutumin ya iso da tokar gawar ubansa cikin ƙaramin tulu, ya ce sunansa Shozo, ubansa ɗan gidanmu ne, kuma ya bar wasiyya a sa shi a kabarin zuri'armu ta Nagakura. Tun daga sunkuyawar da ya yi ta gaisuwa na ji bai kwanta mini ba. Ladabin ya yi yawa.

Gwaggo Tomie, yayar babana, ita ke riƙe da gidan. Shayi kawai ta ba shi, ko zama ba ta yi ba. Ta karɓi takardar da ya kawo, ta duba, ta tura mini. An rubuta an haifi uban nasa a gundumar Oribe. Mu kuwa 'yan gundumar Hayase ne kaka da kakanni, har gori muke yi wa mutanen Oribe. Na ce a raina, yau ga ɗan damfara har gida.

Washegari na tafi ofishin rajista don in kama shi dumu-dumu. Ma'aikaciyar ta ɗauko tsohon koseki, littafin da ake rubuta mutanen kowane gida, ta haɗa da taswira. Ta ce ai ƙauyenmu a Oribe yake a wancan zamanin, daga baya aka ja iyaka zuwa ƙetaren kogi. Gidan bai motsa ba. Kunya ta kama ni, amma na ci gaba da karatu.

Ga sunan uban Shozo nan, ƙanin kakata, an soke shi da gicciye: ya mutu a yaƙi. A ƙasa ga sunan kakana, wanda aka shigo da shi ya auri kakata, ya ɗauki sunan gidan tunda babu sauran namiji. To wanda aka rubuta ya mutu, yaya aka yi ya haifi ɗa bayan shekara goma sha biyu, kamar yadda takardar Shozo ta nuna?

Na kai wa Gwaggo tambayar ina jiran ta ce ƙarya ce. 

"Ya dawo," in ji ta. "Ina 'yar shekara bakwai. Baba ya ce in je in gaya masa ya yi ɓatan gida."

"Kika faɗa?"

"Na faɗa. Ya sunkuya mini, ya ce in yi haƙuri da damuwar da ya kawo."