Amawalin Agali

Ni dai shayi nake sayarwa a ƙofar jandarmomin Dakoro. Tunda uwata Buzuwa ce, duk ranar da aka rasa tafinta sai a tuna ni ma mutum ne.

Wata rana aka kawo wani Buzu, Agali, daga wajen Azagor. Gardamar layin ban ruwa ta haɗa shi da wani manomi, Sallau, a bakin rijiya, ya zare takobi ya sare masa hannu. Sallau na asibiti, likita bai ce hannun zai tsira ba. Agali na tsugune, rawani ya rufe shi sai idanu. Ubansa Jimrau na tsaye a kansa, Amiru wan Sallau na can gefe yana huci.

"Shekarunsa nawa?" in ji ajidan, babban jandarman wurin. "In yaro ne, alƙalin yara. In babba ne, kaso tare da manya."

Babu takardar haihuwa. Jimrau ya ce shekarar da raƙuma suka yi ƙazuwa aka haife shi. Na fassara da muryar mai ilimi, ajidan ya harare ni kamar ni na sa musu ƙazuwar.

"Wane yaro!" Amiru ya daka tsawa. "Da Sallar bara kuka naɗa mashi rawani, kuka yanka rago, kuka ce ya zama namiji. Har tsoka aka aiko mamu. Yau kuma ya koma ɗan goye?"

Jimrau bai musa ba.

"Ya buɗe fuska in gani," in ji ajidan.

Na gaya wa Agali. Ya ƙara jan amawalin rawaninsa sama, har kan hanci. A wurinsu, wanda aka naɗa wa rawani ba ya barin bakinsa a waje gaban manya, balle gaban mahaifi.

"Ɗana, sauke," na ce masa ƙasa-ƙasa. "Kason manya ba wurin kunya ba ne."

"Ni ba yaro ba ne, kawu."

Wannan kam ban fassara ba. Na yi tari.

Ajidan ya ɗauki alƙalami. "Shi ke nan, babba zan rubuta."

Jimrau ya daɗe yana duban ɗansa. Sannan ya ɗauki sandarsa ya fita, ya ja ƙofa.

Agali ya saurara har ƙarar takalmin ta ɓace. Ya kai hannu ya warware amawalin. Haɓa sumul, kumatu na yara, leɓe duk ya cije shi ya yi jini.

Amiru ya matso ya leƙa fuskar.

"To hannun Sallau fa?" ya ce, amma muryar ta faɗi. "Yaro ya sare shi, sai ya tsiro?"

Ajidan ya rubuta alƙalin yara, ya ce likita zai ƙara duba shekarun Agali.

Na fita gaya wa Jimrau. Yana zaune a bencina, ya juya wa ƙofa baya.

"Kada ka faɗa mani abin da ka gani," ya ce. "Ina za su kai shi?"