Kayan Cikin Kwamfutar Muhsina

Muhsina tana zana katunan biki a shagonta da ke Gumel. Rannan ta sa sabuwar manhajar zane a kwamfutarta, manhaja ta ƙi buɗewa. Ta kai wa Malam Habibullah mai gyara, ya duba ya ce, "Ƙwaƙwalwarta ta tsufa, ba ta gane umarnin da sababbin manhajoji ke bayarwa."

"Ta tsufa, Malam? Shekara biyu fa da na saye ta, sabuwa dal!"

Ya kwance bayanta ya nuna mata. Jikin dai nata ne, amma kayan cikin na wata tsohuwar kwamfuta ne aka dasa.

Mutum ɗaya ya taɓa buɗe ta: Ismail ɗan kawunta, mai gyara a Maigatari, wanda ta kai wa ita bara da fankar kwamfutar ta tsaya. Washegari ta same shi a rumfarsa.

"Yaya Ismail, ina kayan cikin kwamfutata?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ga zane kawai kike yi, ban zaci za ki lura ba."

Ba ta kai ƙara ba, don darajar Kawu. Amma tun daga ranar, ko a gidan suna suka haɗu, daga gaisuwa ba ta ƙara masa komai.