Mai Gadin Cikin Kwamfutar Mijinta

Da rana tsaka shagon mai gyara yakan yi tsit, sai fanka da ke ta juya kai kamar tsohuwar da aka yi wa tayin banza. Yayarsa na zaune kan benci, kwamfutar marigayi mijinta a buɗe kan tebur. Manhajar ciki ta tsufa, taku ɗaya sai ta tsaya hutawa, ga shi da ita yayar ke zanen ɗinkin da take ciyar da 'ya'yanta.

Ƙanen ya kwashe hotuna da zane-zane tsaf, ya soka filas, ɗan abin ajiyar bayanai, mai ɗauke da Linux, manhajar nan da mutanen duniya suka taru suka rubuta kyauta. Kwamfuta ta ce atafau ba ta san zancen ba.

"Akwai mai gadi can ƙasa cikinta, Yaya," in ji shi. "Kafin komai ya tashi, shi ke duba hatimi. Tsoho ne, bai san hatimin baƙon nan ba. Sai mun sallame shi."

"In an sallame shi fa?"

"Ƙofa ta zama ta kowa, ke za ki riƙa lura da abin da kike sokawa. Kuma in sabuwar manhajar ta zauna, tsohuwar ta tafi ke nan."

Ta jingina da bango. Gyangyaɗi ya ɗebe ta, ta ga wani dogon soro mai shuɗin haske, mai gadi zaune a bakinsa, yana korar kowa. Sai ga mijinta ya zo da tafiyar nan tasa ta jan ƙafa, ya shige ba a ko tambaye shi ba. Ta kira shi, bai waiwayo ba.

Maganar gaskiya, ba tsaro ne ya dame ta ba. Kullum da safe kwamfutar nan da sunan mijin take gaishe ta, ita kuma ta amsa a ranta. Duk gidan, kwamfutar ce kaɗai ba ta ji labarin rasuwar ba, kuma yayar tana tsoron ranar da za ta ji.

Ta farka ta shafa fuska. "Sallame shi, auta."

Ya danna. Allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sannan ya waye da launin da ba ta saba gani ba. Wani ɗan fili ya fito yana jira.

"Sunan mai ita take tambaya," in ji ƙanen a hankali, ya turo mata.

Yatsunta suka tafi da kansu kan harafin farko na sunan mijin. Ta tsaya, ta goge. Ta rubuta nata. Kwamfuta ta karɓa, ba ta ko tambayi ina yake ba.